Littafin Ƙarya da Ya Ƙi Mutuwa

Hausawa na cewa ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, to amma yau zan yi magana a kan wata ƙarya da ta yi 'ya'ya har da jikoki.

Kwanakin baya a wajen wani suna na ji wata baiwar Allah tana rantsuwa cewa duk wata masifa ta duniya Yahudawa ne suka ƙulla ta, wai har a littafi suka rubuta da hannunsu. Na san littafin da take nufi. Sunansa Protocols of the Elders of Zion, an ce wai bayanin taron sirri ne da dattawan Yahudawa suka yi don su mallake duniya ta hanyar kuɗi da jaridu da yaƙe-yaƙe. A wata jaridar Rasha ya fara fitowa a 1903.

To ni dai marubuciya ce, na san yadda ake ƙera mugu a labari. Sai ki ɗauko kishiya ko uwar miji, ki hana ta ko ɗigon alheri, in miya ta ƙone ita ce, in yaro ya yi zazzaɓi ita ce. Irin wannan rubutu yana da kasuwa, amma rubutun ragwaye ne, domin babu ɗan'adam mai irin wannan hali, balle al'umma guda. Haka aka ƙera wannan littafi. Bambancinmu da mai shi, mu muna faɗa wa mai karatu tun a shafin farko cewa ƙagaggen labari ne.

Kuma ko ƙagen ma na sata ne. A 1921 wakilin jaridar The Times ta Landan, Philip Graves, ya jera shafukansa kusa da na wani littafi da Bafaranshe Maurice Joly ya wallafa a 1864, sai ga kwafe ƙiri-ƙiri. Shi Joly sarkinsu Napoleon na Uku yake suka, babu ruwansa da Yahudawa. Wani ne ya cire hular wancan ya ɗora wa waɗannan.

Kuna tsammani daga nan ya mutu? Ina! Henry Ford, attajirin motoci na Amurka, ya yi ta yaɗa shi a jaridarsa daga 1920, sai a 1927 ya nemi afuwa. 'Yan Nazi na Hitler suka rungume shi a Jamus, ƙarshenta aka hallaka Yahudawa wajen miliyan 6, har da mata da jarirai. A azumin 2002 aka nuna wani wasan talabijin a Masar da ya ɗauko zancen littafin kamar gaskiya. A 2018 wani ɗan bindiga ya shiga wurin ibadarsu a birnin Pittsburgh na Amurka ya kashe mutum 11, yana zarginsu da shigo da baƙi ƙasar.

Me ya hana shi mutuwa? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. In talauci ko yaƙi ya matsa wa mutane, neman wanda za a ɗora wa laifi ya fi binciken sababi sauƙi, shugabannin da suka gaza kuma sun samu mafaka.

Na san wata za ta ce, to Falasɗinawa fa? 'Yar'uwa, ki soki gwamnatin Isra'ila a kan abin da ta aikata, da suna da rana da hujja, ai cikin Yahudawan ma akwai masu sukarta. Amma tsohuwar da ke ibada a Pittsburgh me ta yi? Mai gaskiya ba ya bukatar shaidar zur. Kuma mu da muke jin zafi in an kira mu 'yan ta'adda saboda laifin wasu, bai kamace mu mu yi wa kowa kuɗin goro ba.

Allah ya sa mu fi ƙarfin harsunanmu, amin.