Haƙurin Uba da Fushin Ɗa: Tarken Musabbabin Tawayen Mau Mau a Littafin Weep Not, Child

Gabatarwa

Daga watan Oktoba na 1952 zuwa farkon 1960 ƙasar Kenya ta zauna ƙarƙashin dokar ta-ɓaci, sakamakon tawayen da aka fi sani da Mau Mau. Marigayi Ngugi wa Thiong'o (1938-2025) yana ɗan shekara 14 aka kafa dokar, kuma a kan wannan zamani ya gina ƙagaggen labarinsa Weep Not, Child, wanda aka buga a 1964. Manufar wannan maƙala ita ce ta duba yadda marubucin ya rarrabe abubuwa biyu da akan cakuɗa: zaluncin da aka yi wa jama'a, da kuma abin da ya sa suka daina haƙuri da shi. Ƙwace ƙasar Kikuyu ya girmi tawayen da kimanin shekara 50. To, me ya sa wutar ba ta tashi ba sai a 1952?

Ƙasa

Tushen rikicin sananne ne. Dokokin filaye na 1902 da 1915 sun ba gwamnatin mulkin mallaka ikon raba ƙasa mafi albarka ga Turawa 'yan kama-wuri-zauna, har ta biyun ta yarda da hayar shekara 999. Aka ɗora wa 'yan ƙasa harajin ɗaki don a tilasta musu ƙwadago a gonakin Turawa, sannan daga 1920 aka wajabta wa mazaje rataya takardar shaida a wuya.

Ngugi bai jero waɗannan dokoki ba. Ya tattara su ne a kan mutum biyu da gona ɗaya. Ngotho, mahaifin tauraron labarin, ya yi wa Ingila bauta a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya komo ya tarar an raba zuriyarsu da gonar gado. Yanzu lebura ne a wannan gona, ƙarƙashin Baturen da ya mallake ta, wato Howlands, gidansa kuma zaman aro ne a filin Jacobo. Gwanintar marubucin ita ce ya sa Howlands ma yana ƙaunar gonar tsakani da Allah, domin ita ya gudo wa bayan yaƙin ya kashe masa zuciya. Mutanen nan biyu sukan zaga shuka tare, kowa na ce wa ransa tasa ce. Duk wanda ya san matsayin gonar gado a ƙasar Hausa zai gane cewa wannan husuma ba ta da sulhu.

Haƙurin uba da fushin ɗa

Duk da haka Ngotho bai yi tawaye ba. Ya riƙe faɗar wani mai duba na zamanin da, Mugo wa Kibiro, cewa farar fata za ta zo kuma za ta tafi, ya zauna jiran ranar. Wanda ya ƙi wannan jira shi ne ɗansa Boro, da ya dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu. Ya baro ɗan'uwansa Mwangi a fagen fama, ya iske ba aiki ba gona. Ya ga Bature yana mutuwa kamar kowa, kwarjinin ya zube. Irin wannan buɗewar ido ta samu sojojin Afirka da yawa, har da Hausawan da aka kai Boma. Sai dai na Nijeriya ta Arewa sun komo sun tarar da gonakinsu, tun da ba a zaunar da Turawa manoma a can ba.

Saboda haka Boro ya fi tuhumar mahaifinsa a kan Baturen: yaya aka yi kuka zura ido aka ƙwace? Daga nan gidan ya fara tsagewa, har Ngotho ya ƙi karɓar rantsuwar ƙungiya daga hannun ɗan cikinsa, domin al'ada ba ta yarda ɗa ya rantsar da uba ba. A nan ne jigon littafin yake. An ce mahaƙurci mawadaci, amma Boro ya ga mahaifinsa ya yi haƙurin shekara 30 bai wadata da ko kadada ɗaya ba.

Toshewar hanyoyin lumana

Marubucin ya bi ƙofofin lumana guda uku, ya rufe su ɗaya bayan ɗaya. Ta farko yajin aiki ce. A wurin taron aka kawo Jacobo, wanda Turawa suka fifita da izinin noman furen da ake haɗa maganin ƙwari da shi, don ya lallashi ma'aikata. Ngotho ya tasam masa, ya rasa aikinsa da matsuguninsa a lokaci guda. Ta biyu siyasa ce: jama'a sun ɗora burinsu a kan Jomo Kenyatta, sai ga shi an yanke masa ɗaurin shekara 7 a Kapenguria a 1953. Ta uku ilimin boko ne, wanda tauraron labarin, Njoroge, ya ɗauka shi ne zai fanshi gidansu. 'Yan sanda suka ɗauke shi daga makarantar sakandare suka azabtar da shi. Da ƙofofin suka ƙare, daji kaɗai ya rage.

Raunin littafin

Akwai wurin da alƙalamin Ngugi ya yi sanyi. Da ya kai mu daji wurin Boro, sai ya sa shi ya nuna cewa ƙasa da 'yanci ba su dame shi ba, ramuwar gayya ce gabansa. Wannan ya rage ƙarfin hujjar da aka ɗauki rabin littafi ana ginawa, kuma ya kusanto da ikirarin gwamnatin mallaka cewa tawayen haukan jini ne. Mayaƙan kuwa da ƙasa da 'yanci suka yi wa rundunarsu suna. Haka kuma ba mu ga tsarin ƙungiyar ba, ba mu ga matan da suka riƙa kai abinci da labari daji ba, domin an tsare mu a idon yaro ɗan makaranta. Marubucin ya cike wani ɓangare na wannan giɓi a littafinsa A Grain of Wheat na 1967.

Kammalawa

Turawan ƙaura 32 ne aka kashe a tawayen, gwamnati kuma ta rataye 'yan ƙasa 1,090, cikinsu har da Dedan Kimathi a 1957. Sai a 2013 Ingila ta amince ta biya fam miliyan 19.9 a shari'ar mutum 5,228 da aka azabtar. Alƙaluma irin waɗannan aikin masu tarihi ne. Abin da Ngugi ya ƙara shi ne ya nuna ranar da ɗa ya daina ganin haƙurin ubansa a matsayin hikima. Ɗalibanmu masu son rubuta labari a kan zalunci su lura da dabarar: gida ɗaya ya ɗauka, ya bar mai karatu ya ga ƙasa gaba ɗaya a cikinsa.