Burodi da Kyamara: Boren Cinikin Duniya a Fim, daga Seattle zuwa Kasuwar Libiya

Babbar matsalar mai shirya fim a kan boren da jama'a ke yi wa tsarin cinikin duniya ita ce abokin gabar ba shi da fuska, domin abubuwan da ke fitar da mutane kan titi, wato cire tallafi da karya darajar kuɗi da buɗe iyaka ga kayan waje, a takarda ake yanke su cikin ɗakunan taro masu nisa, sannan su iso wa talaka a siffar farashi. Ita kuwa kyamara jiki take nema da motsi, shi ya sa take karkata ga ɗan sanda da kulkinsa da hayaƙi mai sa hawaye, har mai kallo ya tashi ya san wanda aka doka, amma bai san abin da ya fito da shi daga gida ba.

Misalin da aka fi ambata shi ne Battle in Seattle na shekarar 2007, wanda Stuart Townsend ya rubuta ya kuma ba da umarni, a kan zanga-zangar 30 ga Nuwamba 1999, ranar da mutane aƙalla 40,000 suka cika titunan birnin Seattle na Amurka, suka hana bikin buɗe taron Hukumar Cinikayya ta Duniya, wadda ke tsara dokokin saye da sayarwa tsakanin ƙasashe. Fim ɗin ya haɗa hotunan ainihi da ƙagaggun mutane, ya ɗora nauyin labarin a kan matar wani ɗan sanda mai juna biyu, wadda Charlize Theron ta fito a matsayinta, da ta rasa cikinta bayan wani jami'i ya doke ta. Tausayin da wannan ke jawowa na gaske ne, sai dai ya danne abin da ya taimaka wajen watsewar taron ranar 3 ga Disamba ba tare da yarjejeniya ba, wato saɓanin Amurka da Turai kan tallafin noma, da fushin wakilan Afirka da na tsibiran Karibiyan waɗanda aka riƙa bari a waje ana shawara a ƙananan ɗakuna. An ba wakilin Afirka, wanda Isaach de Bankolé ya taka, 'yan mintuna kawai, alhali kukansa ne ainihin maganar.

A Sudan wannan magana ba baƙuwa ba ce, kuma wanda yake son ganin inda cinikin duniya ke taɓa ƙasa sai ya dubi Kasuwar Libiya da ke yammacin Omdurman, wadda ta samo sunanta daga kayan da fatake da 'yan ci-rani ke ketowa da su ta hamada daga Libiya, kafin ta zama matattarar sari ta yadudduka da tufafi da takalma da kayan lantarki na Sin da Dubai da Masar, inda manyan motoci ke lodi zuwa Kordofan da Darfur kafin yaƙin 2023. Matsayinta a lokacin ya yi kama da na Kantin Kwari a Kano. Ɗan kasuwar da ya sayo kaya da dala ya sayar da su a kan fam yakan ji faɗuwar kuɗin ƙasa kafin a sanar a rediyo, daga gare shi kuma tsadar take sauka kan ɗan dako da mai shayi da matar da ta zo haɗa kayan aure. Boren Maris 1985, wanda ɗaliban Jami'ar Musulunci ta Omdurman suka kunna kuma ya kai ga kifar da shugaba Ja'afar Numeiri ranar 6 ga Afrilu, ya biyo bayan cire tallafin burodi da mai ne bisa matsin Asusun Ba da Lamuni na Duniya. Na Satumba 2013 ya tashi daga Wad Madani kan farashin mai, na 19 ga Disamba 2018 kuma ya kama a Atbara bayan burodi ya tashi daga fam 1 zuwa fam 3, a lokacin da ƙasar ta riga ta rasa kashi uku cikin huɗu na man feturinta da ɓallewar Sudan ta Kudu a 2011.

Finafinan da suka biyo bayan juyin da boren 2018 ya haifar sun fi mayar da hankali ga zaman dirshan da aka fara a gaban hedikwatar soja ranar 6 ga Afrilu 2019, aka kuma tarwatsa da jini ranar 3 ga Yuni. Sudan, Remember Us na Hind Meddeb, fim ɗin shaida ne, wato wanda ake ɗaukar mutane na ainihi ba 'yan wasa ba, ya kuma adana waƙe da zanen bango da fuskokin matasa da kulawar da ta cancanci yabo. Akwai hujja mai ƙarfi ga wannan zaɓi, domin masu boren da kansu sun ƙi a taƙaita tashinsu ga yunwa, suna neman 'yanci da zaman lafiya da adalci bayan shekara 30 na mulkin Umar al-Bashir. Amma idan layin gidan burodi da layin banki, inda mutum ke wuni bai samu kuɗinsa ba, suka koma bayan fage, sai mai kallo na waje ya ɗauka azzalumi ɗaya ne matsalar, ya kasa gane dalilin da ya sa gwamnatin riƙon ƙwarya ta koma ga irin sharuɗɗan Asusun Lamuni, ta karya darajar kuɗi a hukumance daga fam 55 zuwa 375 a dala ɗaya cikin Fabrairu 2021. Fim ɗin The Dam na Ali Cherri, na 2022, ya fi kusantar gaskiyar ɗan ƙwadago, domin jarumin fim ɗin mai buga tubali ne a kusa da madatsar ruwa ta Marawi, juyin yana iso masa ta rediyo da waya alhali hannunsa na cikin laka.

Abderrahmane Sissako ne ya samo wata hanya dabam a fim ɗinsa Bamako na 2006, inda ya ƙi nuna titi, ya gurfanar da Bankin Duniya da Asusun Lamuni a gaban kotun da ya kafa a tsakar gidan mahaifinsa, da lauyoyi na ainihi da shaidu irin su Aminata Traoré, tsohuwar ministar al'adu ta Mali, suna magana da bakinsu. Ana shari'a mata na rini a gefe, ana ɗaurin aure, wani na kwance ba magani, ta haka hujjar bashi da sayar da layin dogo ta zauna wuri ɗaya da waɗanda suke biyan kuɗinta. Kotun ƙagagga ce, amma ta bayyana sababin fiye da fim ɗin da ya sake gina arangama dalla-dalla. A Najeriya ma Fuelling Poverty na Ishaya Bako, kan boren tallafin mai na Janairu 2012, ya tsaya ne a kan lissafin kuɗin da suka salwanta, kuma hukumar tace finafinai ta hana nuna shi a 2013.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya ƙara wa masu fim na Sudan wahalar da ta wuce ta fasaha, domin an wawashe Kasuwar Libiya, ta zama sansanin dakarun RSF masu yaƙi da sojojin ƙasar, har sojojin suka sanar da karɓe ta a ƙarshen Maris 2025. Masu shirya fim ɗin Khartoum na 2025, wanda wata mai shayi ke cikin mutum biyar da yake bi, sun ƙarasa aikinsu ne a gudun hijira, inda mutanen suka sake kwaikwayon abin da ya same su a gaban koren labule, wanda ake ɗora hoton wuri a kansa da kwamfuta. Cotton Queen na Suzannah Mirghani, da ke ba da labarin ƙauyen manoman auduga da ɗan kasuwar da ya zo musu da irin da aka sauya wa halitta, a Masar aka gina ƙauyensa aka ɗauka.