Ɗakin Wa'azi: Tsarin Ginin 'Yan Metodis da Masallacin Brick Lane

A gabashin Landan, daidai inda titin Fournier ya ci karo da Brick Lane, akwai wani ginin bulo da baƙo zai iya wucewa bai waiwaya ba. Tagogi ne jere hawa biyu, sai goshi mai kusurwa uku, a tsakiyarsa agogon rana ɗauke da shekarar 1743. Yau masallacin Juma'a ne. Daga 1819 zuwa kusan ƙarshen ƙarni na 19 kuwa, cocin 'yan Metodis ne.

Ba su suka gina shi ba. Aikin Furotestan Faransa ne, waɗanda ake kira Huguenot, da suka yi gudun hijira bayan Sarki Louis na 14 ya soke dokar da ke kare addininsu a 1685. Yawancin waɗanda suka sauka a unguwar Spitalfields masaƙan alharini ne. Abin da ya ja hankalina shi ne yadda 'yan Metodis suka tarar da ginin wasu ya zauna musu kamar rigar da aka ɗinka da awonsu. Dalilin yana cikin ra'ayin John Wesley game da gini.

Wesley, wanda ya kafa wannan tafarki, bai cika kiran gine-ginensa coci ba. Ɗakin wa'azi yake cewa. Ya fi shekara hamsin yana yawo a kan doki yana yi wa maƙera da masu haƙar kwal wa'azi a fili, saboda haka da aka zo batun rufi da bango, abin da ya dame shi ɗaya ne: kowa ya ji, kowa ya ga mai magana. Ƙa'idojin da ya bari sun ce a yi gini mai tsabta marar ƙawa, kada a kashe abin da ya wuce dole, maza da mata su zauna daban. Hujjarsa kan kuɗi ita ce ta fi ratsa ni. Idan gini ya yi tsada, jama'a za su dogara da attajirai, wanda kuwa ake ci a hannunsa da wuya a faɗa masa gaskiya. Ban san wani mai ra'ayi kan gini da ya hango wannan haɗari sarai kamarsa ba.

Ginin farko na 'yan Metodis, New Room da ke Biristol, an fara shi a 1739. Ƙasansa ba taga, hasken daga wata tagar rufi mai kusurwa takwas yake saukowa, mumbarin kuma hawa biyu ne. Da Wesley ya ga wata majami'a mai kusurwa takwas a Norwich a 1757, sai ta shiga ransa, domin a irin wannan ɗaki ba lungun da murya ba ta kaiwa. Mabiyansa suka yi irinta a Yarm da Heptonstall. Mafi yawa dai akwati ne mai kusurwa huɗu, baranda ta zagaye ɓangare uku bisa ginshiƙai, mumbari a tsakiyar na huɗun, an ɗaga shi don na sama da na ƙasa su samu rabo ɗaya.

Wanda ke son ganin bambancin, ya taka zuwa ɗaya ƙarshen titin Fournier, tafiyar minti biyu. Can Christ Church take, cocin gwamnati da Nicholas Hawksmoor ya zana, aka buɗe a 1729: farin dutse, manyan ginshiƙai a ƙofa, hasumiya mai tsini da ke danne rufin unguwa. An yi ta ne don ido, don baƙi su san wane ne mai gari. Na Brick Lane don kunne aka yi shi, kuma bulonsa irin na gidajen masaƙan da ke maƙwabtaka da shi ne.

'Yan Metodis ba su riƙe wannan sauƙin har abada ba. Da aljihu ya yi nauyi, sai sha'awar kama da cocin gwamnati ta taso. A 1850 wani limaminsu, Frederick Jobson, ya fitar da littafi yana kiran a koma salon Gothic mai tagogi masu tsini, aka kuwa bi shi. A ganina nan aka yi hasara, domin dogon zaure mai jerin ginshiƙai yana raba mai wa'azi da na baya.

Da jama'ar unguwa suka sauya, a 1898 ginin Brick Lane ya zama babbar majami'ar Yahudawan da suka tsero daga Rasha da Poland. Barandar da ke cikinsa ta dace da al'adarsu ta ware mata a sama. A 1976 Musulmin Bangaladash, yawancinsu daga yankin Silhet, suka mai da shi masallaci. Duk waɗannan jama'u abu ɗaya suke nema daga gini: fili mai haske, marar gumaka, inda muryar mai karatu za ta kai ko'ina.

Sai dai salla tana da buƙatar da wa'azi ba shi da ita. Benci ba ya barin sujada, kuma daga Landan alƙibla kudu maso gabas take, alhali bangon ya bi layin titi. A gyaran 1986 an cire yawancin tsohon katakon ciki don sahu ya samu wuri. Na fahimci larurar, ranar Juma'a dubbai ke zuwa, amma ina jin zafin rashin barandar nan da ta ɗauki masaƙa da 'yan Metodis da Yahudawa shekara fiye da 200.

Aikin 2009 ya fi tausasa wa ginin. An kafa hasumiyar ƙarfe mai sheƙi, tsawonta kusan mita 29, da jinjirin wata a kanta. A gefen titi take tsaye ita kaɗai, kusa da tsohon bangon, da dare tana haske a kan bulon da masaƙan Faransa suka biya kuɗinsa.