BABI NA UKU: ƊANƘWAIRO KAFIN SHAHARA: GONA DA ƘUNGIYAR KURNA

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a dubi zangon farko na rayuwar Alhaji Musa Ɗanƙwairo a fagen kiɗa, wato tun yana yaron mahaifinsa har zuwa lokacin da ya zama Daudun kiɗa a ƙungiyar yayansa Kurna. Sau da yawa idan ana nazarin wannan makaɗi akan taƙaita wannan zango a 'yan layuka, sannan a garzaya zuwa waƙoƙin Sardauna. Manufar babin ita ce a nuna cewa salon da ya fito da Ɗanƙwairo ya riga ya nuna tun a gona da fadar Maradun, kafin Kaduna ta san da shi.

3.1 Gidan da ya Tashi

An haifi Musa a ƙauyen Ɗankadu na ƙasar Bakura, cikin jihar Zamfara ta yau, wajen shekarar 1909, ya rasu a 1991. Mahaifinsa Usman Ɗankwanda makaɗin noma ne, wanda kuma ya yi wa Sarkin Ƙayan Maradun kiɗa. Ke nan gidan ya haɗa rassa biyu, kiɗan manoma da kiɗan fada. Laƙabin Ɗanƙwairo ma a wannan gida ya samo shi, domin an kamanta zaƙin muryarsa da ta wani yaron mahaifinsa da ake kira Ƙwairo.

Bayan mahaifinsu, jagorancin ƙungiya ya koma hannun Kurna, Musa ya zama Daudunsa, wato mataimakin jagora. Sir Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato ya riƙe muƙamin Firimiyan Jihar Arewa daga 1954 zuwa 1966, kuma a cikin wannan tsakani ne Ɗanƙwairo ya shiga yi masa waƙa. Idan aka yi lissafi za a ga ya riga ya haura shekara arba'in a lokacin. Mutum mai waɗannan shekaru ba ɗan koyo ba ne.

3.2 Abin da Gona ta Koyar

Kafin a gane tasirin kiɗan noma, ya kamata a san aikin da yake yi. A ƙasar Fakku da sauran ƙauyukan Kebbe da Tambuwal, kamar yadda yake a Zamfara, an san al'adar gayya. Mai gona yakan gayyato ƙarfafan samari, ya tanadi fura da tuwo, ya kira makaɗi. Manoma su jeru kowa da kuyyarsa, makaɗi yana biye da su da ganga. Shi ba nishaɗi aka kira shi ya bayar ba. An kira shi ne don aiki ya ci. Wannan ya tilasta wa waƙar noma siffofi uku.

Ta farko ita ce gajerun layuka da sauri. Raujin waƙa dole ya bi saran hauya, domin idan makaɗi ya ja layi ya yi tsawo, hannun manomi zai yi sanyi.

Ta biyu ita ce zuga da zambo a haɗe. Ana kambama gwarzon da ya fara fitar da kuyya, ko Sarkin Noman da ya yi dubu, a lokaci guda kuma ana yi wa raggo ba'a. Yabon ɗaya ba ya armashi sai an ajiye ɗayan kusa da shi.

Ta uku ita ce dogaro ga 'yan amshi. Murya ɗaya ba ta iya cika fili tun hantsi har azahar, saboda haka jagora yakan ɗauko layi, 'yan amshi su cafe su ƙarasa, shi kuma ya numfasa.

Duk wanda ya saurari waƙoƙin fada na Ɗanƙwairo da aka ɗauka a faifai da kaset zai ji waɗannan siffofi. Kotso ne ake kaɗawa maimakon gangar noma, amma raujin na mai tura mutane aiki ne. Basarake ya hau gurbin Sarkin Noma, ɗan sarkin da ya nemi sarauta ya rasa ya hau gurbin raggo. 'Yan amshi kuwa ba gindin waƙa kurum suke maimaitawa ba, suna karɓe ɗiyan waƙa daga bakinsa, su yi ƙari, har wani lokaci mai sauraro ya kasa tantance inda jagora ya tsaya.

3.3 Muƙamin Daudu

Wannan karɓeɓeniya da aka san ƙungiyarsa da ita tana da nasaba da shekarun da ya yi a bayan Kurna. Daudu yana tsakanin jagora da 'yan amshi ne. Dole ya san inda jagora ya dosa tun bai kai ba, ya kuma riƙe sauran kada su kauce. Wanda ya daɗe a wannan matsayi ya san nauyin da amshi zai iya ɗauka, shi ya sa da Ɗanƙwairo ya zama jagora bai ji tsoron sakar wa yaransa rabin waƙa ba. Ashe kenan wani kaso na yabon da ake yi wa salonsa haƙƙin Kurna ne da gidan Ɗankwanda baki ɗaya.

3.4 Wata Suka da Amsarta

Ana iya cewa waƙar fada tana buƙatar abubuwan da babu su a gona, kamar jero nasabar sarki da ambaton yaƙoƙin kakanninsa da kalmomin addini. Wannan gaskiya ne, kuma a nan ne waƙar noma take da rauni, domin turkenta ƙunci gare shi, kirarinta kuma yakan maimaitu daga wannan manomi zuwa wancan. To amma waɗannan tubalai ma ba a Kaduna ya tsince su ba. Gidansu ya riga ya san fadar Maradun, kuma a can ne yaron makaɗi ke haddace wa ya haifi wa.

Abin da zamanin Sardauna ya ƙara shi ne faɗin fage. An buɗe gidan rediyon Kaduna a 1962, muryar da a da iyakarta Zamfara ta shiga gidajen Arewa duka. Daga nan ƙofofin manyan fadoji suka buɗe, ya yi wa Sarkin Daura Muhammadu Bashar da Sarkin Kano Ado Bayero waƙoƙi. Da yake na'urar ɗaukar murya ta same shi ne a wannan zango, sai aka riƙa ɗaukar ranar da aka fara jin sa tamkar ranar da ya fara iyawa.

3.5 Naɗewa

A wannan babi an nuna cewa saurin rauji da haɗa zuga da zambo da ba 'yan amshi babban rabo, duk sun samo tushe ne daga kiɗan noma da horon da Ɗanƙwairo ya samu a ƙungiyar Kurna. Babi na gaba zai ɗauki waƙoƙinsa na fada ɗaya bayan ɗaya, a auna su da wannan ma'auni.