Jiki Magayi: Ina Mai Jinƙai A Cikinsa?

Cikin littattafan da Hukumar Talifi ta Zariya ta fito da su bayan gasar 1933, babu wanda ya kama mu kamar Jiki Magayi, wanda Malam John Tafida na Wusasa da Dokta R. M. East suka wallafa tare. Ruwan Bagaja yana ba mu dariya, Ganɗoki yana tuna mana mazan jiya, amma wannan shi ne ke buɗe mana cikin mutum.

Ga labarin a taƙaice. Abubakar yana son Zainabu, sai Malam Shehu, attajirin da bai sami haihuwa ba, ya raba su da ƙarfin dukiya. Abubakar ya shiga duniya neman abin ramuwa, ya samo, ya lalata Kyauta, ɗan da Zainabu ta haifa. Yaro ya tashi ɓarawo, har hannunsa ya zama ajalin ubansa.

Lalle marubutan sun yi gwaninta. Hausarsu gajera ce, ba su tsaya ado ba, kowace magana tana jan 'yar'uwarta. Sun kuma faɗi gaskiya a kan kuɗi, watau yadda mai shi ke sayen abin da ba na sayarwa ba ne. Wanda ya taɓa tsayawa a PZ, inda tsohon kantin Paterson Zochonis ya bar wa unguwa sunansa, ya dubi masu motoci da makafi suna bin hanya ɗaya, ya san mai abu da marar abu ba a littafi kaɗai suke ba.

Amma fa muna da magana a kansa. Kyauta bai ci nanin ba, nanin ta ci shi. Tun daga yarintarsa har lalacewarsa, labarin bai tsai da wani bare da ya ji tausayinsa ya kama hannunsa ba. Zainabu ma, wadda a kanta aka yi rigimar duka, ba a ba ta bakin magana sosai ba. Almajirin da ya rufe littafin yana iya cewa duniya ta macuta ce, mai taimako kuwa wawa ne.

Abin ya ba mu mamaki, domin Malam Tafida Kirista ne, ya kuma fito daga garin da ya san wata amsa dabam. Mishan ta CMS ta koma Wusasa wajen 1929, Asibitin St Luke yana karɓar marasa lafiya a can, Musulmi da Kirista. A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Dokta Miller ya daɗe a kansa. Cikin Linjilar Luka akwai Basamariyen da ya tarar da wanda 'yan fashi suka yi wa rauni a hanyar Yariko. Bai jira an kama 'yan fashin ba, bai bincika ko mutumin ya cancanta ba. Ya ɗaure masa rauni, ya biya kuɗin masauki daga aljihunsa.

Saboda haka, ya ku 'yan makaranta, ku karanta Jiki Magayi, ku koyi Hausarsa, ku ji tsoron ramuwa kamar yadda ya tsoratar. Sa'an nan ku tambayi kanku, da Kyauta zai biyo ta Sabon Gari gobe da yunwa, wa zai tsaya masa cikinku?