Masu Tono Waƙoƙin da Kasuwa Ta Tsallake

Akwai wata sana'a a duniyar kiɗa wadda mai yin ta ba makaɗi ba ne, ba mawaƙi ba ne, wani ma ko molo bai iya riƙewa ba. Aikinsa ya saurari abin da manyan kamfanoni ba su waiwaya ba, ya tace, sannan ya ce wa jama'a ga wannan, ku ji. Wanda ya fi yin suna da ita a ƙarnin da ya wuce shi ne John Peel, wanda ya riƙe shiri a tashar BBC Radio 1 tun daga 1967 har rasuwarsa a 2004. A dare guda yakan sa kiɗan samarin Ingila masu hayaniyar jita, ya bi shi da rege na Jamaika, ya ɗora da Bhundu Boys na Zimbabuwe. Da yawa daga cikin mawaƙan ba su da kowa a bayansu, kaset kawai suka aiko masa ta gidan waya. Masu sauraro kuwa ba don sun san mawaƙan suke kunna rediyo ba, kunnen mutumin suka yarda da shi.

A wannan ƙarni aikin ya koma hannun ƙananan kamfanonin faifai, irin waɗanda mutum ɗaya ko biyu ke tafiyarwa: Analog Africa a Jamus, Habibi Funk a birnin Balin, Awesome Tapes From Africa da Sahel Sounds a Amurka. Labarin Ata Kak ya isa a gane yadda suke aiki. Mutumin Gana ne da ke zaune a Kanada a lokacin, ya naɗi kundinsa Obaa Sima a 1994, aka buga kaset kaɗan, kusan babu wanda ya saya. A 2002 wani Ba'amurke, Brian Shimkovitz, mai Awesome Tapes From Africa, ya tsinci ɗaya a teburin mai sayar da kaset a bakin titi a Cape Coast. Murya ce siririya mai gudu cikin harshen Twi a kan kiɗan na'ura, ba ta yi kama da komai ba a kasuwar Gana ta lokacin. Shimkovitz ya shafe shekaru yana cigiyar mai ita kafin ya same shi, kuma sai a 2015 kundin ya sake fitowa, da yardar mai shi. Sauraron farko bai ɗauki sa'a guda ba. Neman mai waƙar ne ya ci shekaru, kuma wannan neman shi ne rabin sana'ar da mutane ba su cika gani ba.

Wanda aikinsa ya fi kusa da mu shi ne Christopher Kirkley, mai Sahel Sounds. Ya zauna a Kidal ta arewacin Mali, ya lura samari na musayar waƙoƙi daga waya zuwa waya ta Bluetooth da katin memori, babu kamfani, babu shago, babu intanet. Ya kwashi abin da ya samu, ya tace, ya fitar da faifan Music from Saharan Cellphones a 2011. A ciki akwai wata waƙa ta wani ɗan Nijar, Mdou Moctar, daga kundin Anar da ya naɗa a Sakkwato a 2008. Duk wanda ya ji ta ya san inda ta sha ruwa: murya ce da na'ura ta lanƙwasa, da bugun fiyano irin na waƙoƙin fim ɗin Hausa, an ɗora a kan jitar Abzinawa. Yau Mdou Moctar na tare da kamfanin Matador na Amurka, wanda ya fitar da Afrique Victime a 2021, yana kuma cika manyan dandali a Turai.

A nan ya kamata a tsaya a faɗi gaskiya game da batun "ganowa". Kafin waƙar ta shiga kunnen Kirkley, dubban samari tsakanin Agadas da Gao sun riga sun tace ta. Katin memori ba ya ɗaukar komai da komai, don haka duk waƙar da ta ƙetare sahara a cikin waya, an goge wasu ne aka bar ta. Haka batun Mamman Sani na Nijar yake. Lokacin da aka sake fitar da kiɗan da ya yi da tsohuwar fiyanonsa ta Italiya a 2013, Turawa sun karɓe shi a matsayin ɓoyayyen abu, alhali mutanen Nijar sun shekara da shekaru suna jin sa tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin na ƙasa. Bai ɓata ba, sunansa ne kawai ba ya tafe da kiɗan. Abin da baƙon ya ƙara shi ne suna a bangon faifai, da tarihin mai kiɗan, da kuɗi a hannunsa. Ba ƙaramin abu ba ne, amma ba shi ne farkon labari ba.

Babban raunin wannan sana'a, a ganina, yana cikin abin da ake yabon ta da shi. Mai sauraron da ke tsalle daga kiɗan Habasha zuwa na Somaliya zuwa na Peru a yini guda, amo yake ji, ba magana ba. Saboda haka abin da ke tsallake tankaɗensa shi ne mai jita mai zaƙi, ko fiyano mai baƙon sauti, ko bugun da ke sa rawa. Da Sahel Sounds ya fitar da Harafin So a 2013, tarin waƙoƙin nanaye na Kano da muryar Fati Nijar a ciki, sai da aka rubuta a bango cewa kiɗa ne mai koyi da finafinan Indiya, domin ta wannan ƙofa ce mai saye a Landan zai iya shiga. To ina makomar waƙar da nauyinta duk yana cikin kalma? Ibrahim Narambaɗa da kotsonsa, idan ka cire kirari da habaici da sanin wane basarake ake wasawa da wane ake yi wa zambo, abin da ya rage wa baƙon kunne shi ne ganga da amshi masu maimaituwa. Kuntigin Ɗanmaraya Jos tsirkiya ɗaya gare shi, hikimar tana bakinsa. Irin waɗannan ba za su taɓa samun cikakken haƙƙinsu daga mai tacewar da ba ya jin Hausa ba, komai kyan niyyarsa. Ba laifinsa ba ne, iyakarsa ke nan.

Duk da haka na fi son wannan tacewa, da rauninta, a kan wadda na'urar Spotify ko YouTube ke yi. Na'ura tana duba abin da ka ji jiya ta kawo maka ƙaninsa, ba za ta taɓa kai mai son Hamisu Breaker ga Hailu Mergia na Habasha ba. Mutum kuwa yakan yi kasada, ya sa sunansa a kan abin da ya zaɓa, in ya yi kuskure a san wa za a tuhuma. Kuma Awesome Tapes From Africa da Sahel Sounds sun bayyana cewa raba riba suke yi biyu da mawaƙi, suna sayarwa kai tsaye a Bandcamp, inda mafi yawan kuɗin da mai saye ya biya ke isa ga masu kaya.

Mu ma muna da masu wannan kunne. Je ka rumfar mai tura waƙoƙi a kowace babbar kasuwa: kwamfuta ɗaya, wayoyin caji sun cika tebur, lasifika na tashi. Ka miƙa masa memori ka ce ya zuba maka masu daɗi, sai ya dube ka sau ɗaya ya san ko mai ƙasida ne kai, ko mai asharalle, ko mai sababbin yaran situdiyo. Zai haɗa maka Barmani Coge da waƙar Sudan da ta Indiya a wuri guda, ya ƙara wata ya ce wannan yaron ba a san shi ba tukuna, amma ka ji shi. Sanin nan na gaske ne, kuma yana jin kowace kalma. Sai dai waƙar kan zo ba sunan makaɗi, ba shekara, ba garin da aka naɗe ta, kuma daga kuɗin da ka biya ko sisi ba ya komawa ga wanda ya rera. Tsofaffin kaset na makaɗan fada da na noma da na 'yan dambe suna nan a akwatunan gidaje suna cin ƙura da zafi, 'ya'ya da jikokin masu su suna raye, ana iya samun su a tambaye su suna da shekara, a kuma yi yarjejeniya da su. Wannan aiki mai jin Hausa ne kawai zai iya yin sa yadda ya kamata, kuma zaren kaset ba ya jure zafin ƙasarmu shekaru masu yawa.