Nune-nunen Zauren Whitechapel: Wanda Ake Tunawa da Wanda Ake Tsallakewa

An buɗe zauren nunin zane na Whitechapel a gabashin Landan cikin 1901, domin talakawan unguwar. Masu ba da tarihinsa sukan ambaci Guernica ta Picasso a 1939, da Pollock a 1958, da Rothko a 1961, sa'an nan su yi shiru. Amma lalle nunin zanen Afirka na 1995, wanda Clémentine Deliss ta shirya, ya fi cancantar nazarin malamanmu. A cikinsa Chika Okeke ya bi sawun zanen Nijeriya tun daga ƙungiyar ɗaliban Zariya ta 1958 har zuwa Nsukka. Aibinsa kuwa, ƙasashe bakwai kaɗai aka aza wa kayan nahiya duka.